Minti Talatin da Takwas

Shekara ashirin da biyu ina wankin jesin kulob ɗin nan,
a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin kujerun gabas,
a garinmu na bakin teku, arewacin Fotugal,
inda iska ke shigo mini da gishiri ta tagar da ba ta rufuwa.
Ni ce Benedita.
Nakan san yaro ta guminsa kafin in riƙe sunansa.

Da, a ƙirjin rigar, sunan masana'antar kifin gwangwani ne,
inda uwata ta ƙarar da yatsunta.
An rufe ta.
Yanzu sunan kamfanin caca nake bi da dutsen guga,
harafi shida, kore shar, ba ya son zafi da yawa.
Suna da lasisi, suna biyan haraji,
su suka gyara mana fitilun fili.
Can ƙasa da ƙananan baƙi an rubuta a yi da hankali,
sai na sa tabarau nake ganinsa.

Mijina Teodoro yana zuba yuro biyu duk Lahadi.
Ba wanda ya ci ba, a'a, wannan tsohon yayi ne.
Kwana nawa za a buga, wa zai fara jifa,
a wane minti kati zai fito daga aljihun alƙali.
Sun yanka wasan gunduwa-gunduwa kamar kifi a kan faranti,
kowace tsoka da farashinta.

Ran Lahadin nan ana yayyafi.
Gaspar, lamba biyu, mai tsaron baya,
wata uku ba albashi, ga jaririya a gida,
ya ɗauki ƙwallo zai yi jifa.
Ya goge ta da riga.
Ya sake gogewa.
Ya duba hagu, babu kowa a hagun.
Alƙali ya yi magana, ya ƙara magana,
sai ga katin gargaɗi a sama.
'Yan kallo suka yi dariya, ni ma na yi.
Mun ci biyu da ɗaya, aka kwana ana waƙa a mashaya.

Litinin ina zazzage aljihun rigunan sanyi,
cingam, makulli, kwabbai,
sai 'yar takarda a na Gaspar, an ninke ta huɗu.
Da biro shuɗi: talatin da takwas.
Shi ke nan. Ba suna, ba komai.

Na zauna a kan kwandon safa.
Na ce lambar takalmin matarsa ce,
ƙafarta ba za ta wuce haka ba.
Na ce motar haya ce mai zuwa asibiti.
Na ce, Benedita, ke wanki aka ɗauke ki.
Da dare na tambayi Teodoro, kamar da wasa,
a minti nawa aka ba yaron nan kati?
Bai ko ɗaga kai daga waya ba ya faɗa mini.

Ban kai wa kowa ba.
Tana cikin gwangwanin maɓallai, har yau.
Gaspar yana gaishe ni, yana nuna mini hoton 'yarsa,
ta fara haƙori.
Ban sani ba. Wallahi ban sani ba,
kuma rashin sanin ne ba ya fita,
na jiƙa, na cuɗa, na shanya, yana nan.

Jiya Simao, golanmu, ƙwallo ta kuɓuce masa,
irin wadda ke kuɓuce wa kowa idan ciyawa ta jiƙe.
Shekara ashirin da biyu, da na dafe kai na ce kash.
Jiya ban ce komai ba.
Na tsinci idona a kan agogon fili,
ina duba minti.